Tarihin Wayar Kwantiragi da Arahar Samfurin Bara

Tun daga tsakiyar shekarun 1980, kamfanonin sadarwa na Birtaniya da Amurka, daga baya kuma na Kanada da Japan da wasu ƙasashen Turai, suka ɗauki wata hanya ta sayar da wayar salula wadda ba a saba da ita ba a kasuwannin Afirka ta Yamma, wato su miƙa wa mutum waya a kan ɗan kuɗi kaɗan, wani lokaci ma ba tare da ya biya ko sisi ba a ranar, shi kuma ya sa hannu a takardar alkawarin cewa zai zauna a kan layinsu yana biyan kuɗin wata har tsawon wa'adin da aka yanka, wanda galibi shekara biyu ne. Wannan alkawari shi ne kwantiragi, bambancin da ke tsakanin ainihin kuɗin wayar da abin da mai saye ya biya a kanti kuwa shi ake kira tallafin waya. A cikin wannan ciniki ne aka samu wani reshe da ya bunƙasa bayan fitowar wayoyin komai-da-ruwanka, inda ake ajiye samfurin bara ko na bara waccan a gefen sabon fitowa, a karya masa farashi ko a ce kyauta ne ga duk wanda ya yarda da kwantiragi. Ko wannan araha ce ta gaske, tambaya ce da amsarta ta sauya fiye da sau ɗaya, domin ta dogara ne ga yadda ake rubuta kuɗin wata da kuma yawan shekarun amfani da suka rage wa wayar, kuma duka biyun sun canza sosai daga zamani zuwa zamani.

Cusa kuɗin na'ura a cikin kuɗin layi ya girmi wayar salula. A mafi yawan ƙarni na ashirin, mutumin Amurka ba ya mallakar wayar tarho da ke ɗakinsa, haya yake yi daga kamfanin AT&T, wanda reshensa mai suna Western Electric ke ƙera ta, kuma haka abin yake a Birtaniya, inda hukumar gidan waya ce ke riƙe da layuka da na'urorin baki ɗaya. Sai a 1968 hukumar kula da sadarwa ta Amurka ta yanke hukuncin da aka sani da sunan Carterfone, wanda ya halatta jona na'urar wani kamfani a kan layin AT&T, sannan a farkon 1984 aka rarraba kamfanin kansa zuwa ƙananan kamfanoni. Saboda haka lokacin da wayar salula ta iso, ta tarar da jama'ar da suka saba biyan kamfanin waya a ƙarshen kowane wata, ba tare da sun tambayi nawa ne na layi nawa ne na na'ura ba.

Wayar salula ta farko da aka sayar wa jama'a a Amurka, Motorola DynaTAC 8000X, ta shiga kasuwa a 1984 a kan dala 3,995, 'yan watanni bayan kamfanin Ameritech ya buɗe layinsa a birnin Shikago a Oktoban 1983. Da irin wannan farashi, kamfanin da ya kashe maƙudan kuɗi wajen kafa turaku zai daɗe yana jiran masu kira, kuma turken da babu mai amfani da shi asara ce a kullum. Mafita ta fi fitowa fili a Birtaniya, inda Vodafone da Cellnet suka fara aiki a Janairun 1985 da lasisin da ya hana su sayar da layi kai tsaye ga jama'a, ya tilasta musu bi ta hannun wasu kamfanoni 'yan tsakiya. Kamfanonin layin suna biyan waɗannan dillalai la'ada a kan kowane sabon mutum da suka kawo, su kuma dillalan, saboda gasar da ke tsakaninsu, sai suka riƙa yankar wani kaso na la'adar suna rage farashin waya da shi domin su ja mai saye. Ba wata hukuma ce ta zauna ta tsara tallafin waya ba, daga la'adar dillalai ya tsiro, kuma a kansa ne manyan shagunan waya irin su Carphone Warehouse, wanda Charles Dunstone ya kafa a 1989, suka yi arziki. A Amurka ma, hukumar sadarwa ta amince a 1992 cewa kamfani na iya haɗa waya da layi ya sayar a ƙunshi ɗaya.

Kamfanin da ya biya wa mutum ɗaruruwan daloli a ranar farko dole ne ya tabbatar kuɗinsa za su dawo, kuma abubuwa uku ya dogara da su. Akwai binciken tarihin bashi, wanda ake yi kafin a sa hannu, domin a tantance ko mai saye ya saba biyan abin da ake bin sa. Akwai tarar fita kafin wa'adi, wadda ta riƙa hauhawa yayin da wayoyi ke ƙara tsada, har Verizon ya kai tasa dala 350 a Nuwamban 2009, AT&T kuma ya kai tasa dala 325 a Yunin 2010, ana rage dala 10 a kan kowane wata da mutum ya cika. Sai kuma kullen layi, wato a saita wayar ta yadda ba za ta karɓi layin wani kamfani ba. Wannan na ƙarshe yana da ban mamaki, domin tsarin GSM, wanda aka fara kira da shi a ƙasar Finland a 1991, ya raba ɗan katin layi da wayar ne don mutum ya iya cire shi ya sa a wata, sai ciniki ya zo ya sake ɗaure abin da injiniyoyi suka kwance. Idan aka haɗa waɗannan uku, abin da ake kira tallafi bashi ne a haƙiƙa, sai dai bashi ne da ba a rubuta adadinsa a takarda, ba a faɗin ribar da ke kansa, kuma a mafi yawan lokuta kuɗin wata ba ya sauka ko bayan an gama biyansa.

Ba kowace ƙasa ce ta yarda da wannan hanya ba. Finland ta haramta haɗa waya da layi har zuwa 2006, lokacin da ta sassauta domin a ƙarfafa wa mutane sayen wayoyin 3G, Beljiyam kuma ta riƙe irin wannan hani har sai da kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kansa a 2009. Koriya ta Kudu ta yi ta kai-kawo tsakanin hani da sassauci, ta kafa dokar taƙaita tallafi a 2014, ta kuma soke ta a 2025, yayin da Japan, inda tallan wayar yen ɗaya ya zama ruwan dare, ta ƙayyade rangwame a kan yen 20,000 a 2019. A wasu wuraren kuwa tsarin biya kafin amfani ne ya yi rinjaye, wanda ya fara ƙarfi a Fotugal a 1995 da Italiya a 1996, kuma shi ne Najeriya ta ɗauka lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a Agustan 2001. Mai waya a Kano ko Maraɗi yana sayen wayarsa da kuɗinsa a kasuwa, ya sayi layi daban, ya riƙa sa kati ko data gwargwadon aljihunsa, don haka ya san farashin kowanne, abin da takwaransa na Amurka ya shekara ashirin bai sani ba.

Shekarun wayoyin madannai ba su damu da batun tsohon samfuri ba sosai, domin wayar da aikinta kira da saƙo ne ba ta tsufa da wuri. Abin ya sauya da fitowar iPhone a ranar 29 ga Yunin 2007, wadda aka fara sayarwa a kan dala 499 da 599 tare da kwantiragin shekara biyu na AT&T, ba tare da tallafi irin na gargajiya ba, domin a maimakonsa Apple, mai ƙera ta, yana karɓar wani kaso na kuɗin wata. Wannan tsari bai wuce shekara guda ba, kuma a Yulin 2008 aka fito da iPhone 3G a kan dala 199, AT&T na cike gurbin sauran kuɗin. A Yunin 2009 ne aka aza tubalin abin da ya zama al'ada, lokacin da sabuwar 3GS ta karɓi farashin dala 199, ita kuma 3G, maimakon a janye ta daga kanti, aka bar ta a kan dala 99. A Oktoban 2011 matakan suka zama uku, 4S a kan 199, iPhone 4 a kan 99, 3GS kuma kyauta, kuma aka ci gaba da maimaita wannan jeri kowace kaka, inda iPhone 4 ta sauko matakin kyauta a 2012, 4S a 2013, 5c a 2014. Masu ƙera wayoyin Android sun bi sahu ba tare da irin wannan tsari ba, domin nasu farashin yakan faɗi ne 'yan watanni bayan fitowa, a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara ko duk sa'ad da kaya suka fara yin kwantai a ma'ajiya.

Dalilin masu ƙera waya a bayyane yake. Wayar da aka shekara biyu ana ƙerawa ta riga ta mayar da kuɗin bincike da na kafa injuna, kayan haɗinta sun yi sauƙi, ma'aikata sun ƙware a kanta, don haka ribarta ba ta raguwa daidai da yadda farashinta ke raguwa. Shi kuma kamfanin layi abin da yake nema shi ne ya raba mutum da wayar madannai ya ɗora shi a kan tsarin da ke da kuɗin data na dole, kuma kalmar kyauta a jikin gilashin shago ta fi kowace hujja saurin yin wannan aiki.

Lissafin kakar 2011 ya isa ya nuna yadda cinikin yake ga mai saye. A lokacin, mafi ƙarancin tsarin kira na AT&T dala 39.99 ne a wata na minti 450, tsarin data mai gigabait 2 kuma dala 25, wato kusan dala 65 a wata kafin a ƙara kuɗin saƙonni da haraji, wanda a cikin wata 24 ya kama dala 1,560. Wanda ya ɗauki 3GS kyauta wannan adadi zai biya, wanda ya ɗauki 4S kuma zai biya 1,759, bambancin da ya kama kimanin kashi 11 cikin ɗari na jimillar, ko kuma kimanin dala 8 a kowane wata. Idan aka duba farashin da Apple ke sayar da waɗannan wayoyi a buɗe, ba kwantiragi, lamarin ya ƙara fitowa: 4S mai gigabait 16 dala 649 ce, 3GS kuma dala 375. Ke nan kamfanin layi ya biya wa mai sabuwar waya dala 450, ya biya wa mai tsohuwar 375, alhali kuɗin wata ɗaya yake karɓa daga hannunsu, wanda ke nufin mai wayar kyauta shi ne ya samu tallafi mafi ƙaranci, yana kuma taya biyan na maƙwabcinsa. Abin da aka miƙa masa a kanti waya ce ta 2009, mai kyamarar megafiksel 3 a lokacin da sabuwar ke da 8, mai rabin ƙwaƙwalwar aiki ta sabuwar, da fuskar da ɗigon hotonta kashi ɗaya cikin huɗu ne na fuskar 4S. Ma'ajiyarta gigabait 8 ce, wadda babbar manhajar wayar ke cinye wani yanki nata tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Wanda ya fi kowa asara a wannan tsari, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, shi ne mutumin da ya zo da wayarsa ko ya ci gaba da riƙe tsohuwa bayan wa'adi, domin shi yana biyan kuɗin watan da aka gina tallafi a cikinsa ba tare da ya karɓi komai ba.

Sai dai babbar illar samfurin bara ba a kyamara take ba, a kalanda take. Wayar komai-da-ruwanka tana rayuwa ne a kan babbar manhaja, wato manhajar da ke tafiyar da wayar baki ɗaya, wadda sauran ƙananan manhajoji ke hawa kanta, kuma kamfanin da ya ƙera wayar ne ke aiko da sabuntawa lokaci-lokaci domin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi da kuma ƙara sababbin ayyuka. Shekarun wannan kulawa ana ƙidaya su ne daga ranar da samfurin ya fara fitowa, kwantiragi kuwa daga ranar da aka sa hannu, kuma a tsakanin waɗannan ranaku biyu ne mai saye ke faɗawa rami. Wanda ya sayi iPhone 3G a kan dala 99 a farkon 2010 ya ga sabuntawar babbar manhajar zuwa iOS 4 ta nauyaya masa waya a tsakiyar shekarar, sannan bayan Nuwamba bai sake samun wata ba, ga shi kuma da sauran fiye da shekara guda a kan alkawarinsa. Wanda ya karɓi 3GS kyauta a bazarar 2012 ya tarar iOS 7 ta tsallake shi a Satumban 2013, haka ma wanda ya karɓi iPhone 4 a bazarar 2013 iOS 8 ta bar shi a baya a Satumban 2014. Ita kuwa 4S, wadda aka guje wa saboda dala 199, ta ci gaba da samun sabuwar babbar manhaja har zuwa iOS 9, sai a Satumban 2016 aka ajiye ta, wato shekara uku bayan 3GS. Idan aka raba dala 199 a kan ƙarin shekara uku na amfani, aka kuma tuna cewa a ƙarshen kwantiragi sabuwar ta fi tsohuwar daraja a kasuwar kwance, da wuya a samu lissafin da zai ba wayar kyauta nasara.

A ɓangaren Android lamarin ya fi muni a waɗannan shekaru, domin sabuntawa sai ta bi ta hannun mai ƙera ƙwaƙwalwar wayar, da mai ƙera wayar, da kamfanin layi, kafin ta iso, kuma kowannensu ya fi son a sayi sabuwa. A 2011 Google ya sanar da wata yarjejeniya da masu ƙera waya da kamfanonin layi ta cewa za a riƙa sabunta kowace waya har wata 18, wa'adin da ko an cika shi bai kai tsawon kwantiragin shekara biyu ba, balle ga wayar da ta riga ta shekara a kanti, kuma ba a jima ba aka daina jin ɗuriyar yarjejeniyar. Hanyoyin sadarwa su ma suna tsufa. iPhone 4 da 4S ba su da LTE, wato tsarin data mai sauri da aka fi sani da 4G, a daidai lokacin da kamfanonin Amurka ke zuba kuɗinsu a kansa, kuma AT&T ya kashe tsarinsa na 2G a farkon 2017 da na 3G a Fabrairun 2022, Verizon kuma ya kashe nasa 3G a ƙarshen 2022. Batun batir ya ɗan bambanta, domin samfurin bara da aka ciro daga kwali sabon batir gare shi, amma abin da ya bayyana a Disamban 2017, lokacin da Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin wayoyi idan batirinsu ya raunana, har Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020, ya nuna wa jama'a cewa saurin waya ma yana hannun wanda ya ƙera ta.

Adalci ne a ce wayar kyauta ta yi wa wasu rana. Ga iyalin da ke son ƙara layi uku ko huɗu a kan tsari ɗaya, dala 199 sau huɗu a rana guda kuɗi ne masu nauyi, kuma ga ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, dala 8 a wata da za a warwatsa a lissafin masana ba ɗaya ba ce da dala 199 da za a ƙirga a kanti. Miliyoyin mutane ta wannan ƙofa suka fara riƙe intanet a aljihu. Amma wannan hujja ce ta rashin kuɗi a hannu, kuma abin da ta nuna shi ne wanda ba shi da kafin alƙalami yakan biya daidai da mai shi ya kuma tafi da kaya mafi rauni.

Birtaniya ce ta fi bankaɗo ɗaya ɓarakar, wato abin da ke faruwa bayan wa'adi ya cika. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade kwantiragin farko a kan wata 24, kuma Birtaniya ta fara aiki da ita a 2011, amma ba ta tilasta wa kamfani ya rage kuɗin wata bayan an gama biyan waya ba. Kamfanin O2 ya fito da tsarin Refresh a 2013, wanda ya raba takardar waya da ta layi ta yadda kuɗin wayar ke faɗuwa da kansa idan an gama, sai dai sauran manyan kamfanoni sun daɗe ba su bi ba. A 2018 ƙungiyar Citizens Advice ta kai ƙara kan yadda ake cutar da abokan ciniki masu zama wuri ɗaya, kuma a 2019 hukumar sadarwa ta Ofcom ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.4 na biyan rarar kusan fam miliyan 182 a shekara saboda sun ci gaba da biyan kuɗin wayar da suka riga suka biya. Daga Fabrairun 2020 aka wajabta wa kamfanoni su sanar da mutum idan wa'adinsa ya kusa cika, daga Disamban 2021 kuma aka haramta sayar da waya a kulle. Akwai kuma ƙarin kuɗi na tsakiyar kwantiragi, wanda aka riƙa ɗaurawa a kan hauhawar farashi a ƙara kashi 3.9 cikin ɗari, har ya haura kashi 14 a 2023, kafin Ofcom ta hana wannan salo ga sababbin kwantiragi daga Janairun 2025. Inda waya da layi ke cikin takarda ɗaya, ƙarin yakan hau har kan kason wayar, ko da kuwa wayar kullum daraja take zubarwa.

A Amurka gasa ce ta karya tsohon tsarin. A Maris ɗin 2013 kamfanin T-Mobile, ƙarƙashin John Legere, ya soke kwantiragin shekara biyu, ya rage kuɗin layi, ya kuma fara sayar da waya a kan cikakken farashinta ana biya kaɗan-kaɗan cikin wata 24 ba tare da kuɗin ruwa ba. AT&T da Verizon suka fito da makamancin wannan a bazarar shekarar, Verizon ya daina ba sababbin abokan ciniki tsohon kwantiragi a Agustan 2015, AT&T ya bi a Janairun 2016, yayin da dokar da Barack Obama ya sa wa hannu a Agustan 2014 ta maido wa mutane 'yancin buɗe wayoyinsu. Wannan ne karo na farko da arahar samfurin bara ta zama ta gaske, domin tunda kuɗin layi ya rabu da na waya, duk dala ɗari da aka rage a farashi tana zama a aljihun mai saye, wanda kuma ya gama biya sai kuɗin watansa ya sauka. Wayoyin su ma sun fara kai ƙarfin da bambancin shekara ɗaya ba ya ciwo kamar da. iPhone 5s, wadda ta fito a 2013, ta samu sababbin manyan manhajoji har zuwa iOS 12, ta kuma ci gaba da samun gyaran tsaro har farkon 2023, don haka wanda ya ɗauke ta a matsayin samfurin bara a 2014 ya ci riba, saɓanin wanda ya ɗauki 5c mai gigabait 8 a wannan kakar, wadda iOS 11 ta ajiye a 2017.

Kamfanonin layi ba su daɗe ba suka gano cewa mutumin da ba a ɗaure ba yana iya tashi, sai suka dawo da ɗaurin ta wata ƙofa, wadda ake kira rangwamen wata-wata. A wannan tsari ana rubuta wa mutum cikakken kuɗin waya a matsayin bashi, a raba shi a kan watanni, sannan kowane wata kamfani ya yafe kason wannan watan, muddin mutum yana kan layin kuma yana kan tsarin da aka gindaya, wanda galibi shi ne mafi tsada. AT&T ya tsawaita wa'adin zuwa wata 36 a 2021, Verizon ya bi a 2022. A ɗauki misalin wayar dala 720 da aka tallata a matsayin kyauta: ana rubuta dala 20 a wata, ana yafe dala 20 a wata, amma idan mutum ya tashi bayan shekara guda, yafiyar ta tsaya, sauran dala 480 kuma sun hau kansa nan take. Babu tarar fita a takarda, amma ga ta nan ta fi ta da girma, wa'adin kuma ya fi na da da shekara guda. A nan samfurin bara yana da rauni na musamman, domin idan tsarin da aka gindaya ya fi wanda mutum ke buƙata da dala 15 kacal a wata, rarar a cikin wata 36 ta kai dala 540, wadda tana iya zarce kuɗin da zai sayi wannan tsohuwar waya a buɗe ya sa mata layi mai araha. Tallan yana amfanar wanda dama can tsari mai tsada yake so kuma ba shi da niyyar tashi, ga wanin wannan kuwa rangwamen suna ne kawai.

Wani sashe na waɗannan tallace-tallace yana buƙatar mutum ya miƙa tsohuwar wayarsa, kuma wayoyin da ake tarawa ta wannan hanya, tare da waɗanda kwantiraginsu ya ƙare, su ne ake tantancewa a sayar da su sari, su bi ta Dubai da Hong Kong su iso kasuwar kwamfuta ta Ikeja da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, inda ake kiransu Landan yus ko da daga Amurka suka fito. Ɗan kasuwar da ya san aikinsa yakan sa wa irin wannan waya layin gida ya ga ta kama sabis kafin ya biya, domin wadda aka fitar da ita da sauran bashi a kanta tana iya zuwa a kulle, kuma farashin wadda kamfani ya buɗe da kansa ya fi na wadda aka yi wa dabara.

Sauyi na baya-bayan nan ya taɓa kalandar kanta. Google ya yi alkawarin sabuntawa ta shekara bakwai ga Pixel 8 a Oktoban 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a Janairun 2024, wanda ke nufin wayar da ta shekara ɗaya ko biyu a kanti tana da sauran shekara biyar ko shida, fiye da kowane wa'adin biya da ake da shi, ko da yake ƙananan samfura na kamfanoni da yawa ba su kai haka ba. Birtaniya ta wajabta wa masu ƙera na'urori, daga Afrilun 2024, su bayyana mafi ƙarancin lokacin da za su ci gaba da aiko da gyaran tsaro. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a ranar 20 ga Yunin 2025 ta wuce nan, domin ta wajabta sabunta babbar manhaja na aƙalla shekara biyar da samar da kayan gyara na shekara bakwai, kuma ƙidayar tana farawa ne daga ranar da aka daina sa samfurin a kasuwa, ta yadda kamfanin da ya zaɓi ya ci gaba da sayar da samfurin bara ya ƙara wa kansa shekarun kulawa da shi ke nan. A Amurka kuwa babu dokar tarayya irin wannan, kuma tsawon kulawar da tsohon samfuri zai samu yana nan a matsayin alkawarin da kowane kamfani ke yi wa kansa.